Babi na Bakwai: Lissafin Yiwuwa

Darasi na 1: Goro a cikin leda

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Kowa ya ɗauko littafinsa da fensirinsa. Wanda bai zo da fensir ba ya ara a wurin na kusa da shi, ba abin kunya ba ne.

Wannan lissafi kun daɗe kuna yinsa da ka. Mai tumatir a kasuwar Faringada, in ya ga hadari ya haɗo, sai ya ce da yaronsa, "Jawo tamfol, da wuya yau ruwa bai sauka ba." Abin da za mu koya shi ne yadda ake mai da "da wuya" da "wataƙila" su zama lamba a kan takarda.

Wani dattijo ya taɓa tambayata a aji, "Malam, wannan ba duba ba ne?" Na ce a'a, Baba. Gaibu Allah kaɗai ya san shi. Mu ƙirga za mu yi, shi ke nan.

A samo baƙar leda, a zuba jan goro guda 3 da farin goro guda 7. Ka tura hannu ba tare da ka leƙa ba, ka ciro ɗaya. Mene ne yiwuwar ya zama ja?

Zana ɗan gajeren layi a kwance. A saman layin ka rubuta yawan abin da kake nema. Jan goro muke nema, guda 3 ne, to rubuta 3. A ƙasan layin ka rubuta yawan duk abin da ke cikin ledar. Duk na ce. Juye ledar a kan tabarma ka ƙirga da yatsa, ja da fari gaba ɗaya, za ka samu 10. Rubuta 10. A littafi ana buga shi haka: 3/10, kuma ana karanta shi "uku bisa goma". Lambar hagu ita ce ta sama, ta dama ita ce ta ƙasa.

A nan ne ake tuntuɓe. Shekara da shekaru ina koyar da wannan babi, kuma kowane aji sai na tarar an rubuta mini 3/7. Na san dalili. Ido ya ga 3 ya ga 7, sai hannu ya ɗora wannan a kan wancan. Amma ka tambayi kanka: da ka tura hannu, goro 7 ne a ledar? A'a, 10 ne. Jajayen nan uku ai ba su fita sun tsaya a waje ba, suna ciki tare da fararen. Saboda haka ana ƙirga su a sama, a sake ƙirga su a ƙasa.

Mu maimaita da baki: sama abin da nake nema, ƙasa duk abin da ke ciki. A sake faɗa. Madalla.

Yanzu farin goro muke nema. Sama 7. Ƙasa fa? Kada ka yi sauri. Ƙasa 10 ne har yanzu, domin ledar ba ta canza ba. Amsa 7/10. In ka ga ka rubuta 7/3, ga alamar da za ta farkar da kai: lambar sama ba ta taɓa fin ta ƙasa girma. Ba a ciro goro 7 daga ledar da ke da 3.

In aka ce a ciro namijin goro fa, alhali ba mu zuba ko ɗaya ba? Sama 0, ƙasa 10. Sifili ke nan, abin ba zai yiwu ba. In kuwa aka ce a ciro goro kowane iri, sama 10, ƙasa 10, wato 1, tabbas. Duk amsar da za ka samu a wannan babi tana tsakanin 0 da 1.

Ga wani misali. Hajiya ta sayi dankalin Turawa na Bokkos, ta ƙirga guda 20 a kwando, 5 daga ciki sun ruɓe. Ta aiki yaro ya ɗauko ɗaya cikin duhu. Yiwuwar ya ɗauko ruɓaɓɓe: sama 5, ƙasa 20. Ba 15 ba. 15 masu kyau ne kaɗai, mu kuwa duk kwandon muke ƙirgawa, ruɓaɓɓun ma suna ciki. 5/20. In ka raba sama da 5, ka raba ƙasa da 5, zai koma 1/4, ɗaya bisa huɗu, wanda ake cewa kashi 25 cikin 100. Wanda ya samu 5/15 ya goge a hankali ya sake. Hannu ne bai saba ba tukuna, zai saba.

Darasi na 2: Ƙuri'ar adashe

Mata 8 a kasuwar Katako sun haɗa adashe. Don kada a yi gardama kan wadda za ta fara ɗauka, uwar adashe ta rubuta sunayensu a ƙananan takardu, ta nannaɗe, ta zuba a kwano. Yiwuwar sunanki ya fito da farko: sama 1, domin takardarki ɗaya ce. Ƙasa 8, har da taki. 1/8.

To, sunan wata ya fito, aka ajiye takardarta a gefe. Za a sake cira. Takardu nawa suka rage a kwanon? 7. Yanzu yiwuwarki 1/7 ce.

Makon jiya na ba da irin wannan a matsayin aikin gida, aka dawo mini da 1/8 sau biyu. Haba jama'a! Wadda ta riga ta ɗauki adashe, kun taɓa ganin an mayar da sunanta cikin kwano? A kasuwa ko naira goma ba wanda zai cuce ku, amma da an zo takarda sai a ajiye hankali a ƙofar aji. Wasu ma a bakin ƙofa suke kwafar amsar makwabci, ina ganinku. Kafin ka rubuta lambar ƙasa, koma ka ƙirga abin da ya rage.

Mu koma kan ledar goro. Ka ciro ja ɗaya ka ci. Saura ja 2, duka kuma saura 9. Yiwuwar sake ciro ja 2/9 ce. Sama ya ragu, ƙasa ma ya ragu.

Darasi na 3: Kwandala da ludo

Kwandala ta yi wuyar gani yanzu, amma in akwai mai naira ɗaya ta ƙarfe irin ta 2007, mai hoton Herbert Macaulay, ya zo da ita. Gefe biyu gare ta, na hoto da na tambarin Najeriya. In aka wulla ta sama, yiwuwar hoto 1/2 ce. Ko da hoto ya fito sau biyar a jere, jifa na shida 1/2 ne dai. Kwandala ba ta tuna abin da ya wuce. Rashin sanin wannan ne ke cinye kuɗin 'yan caca, Allah ya shirye su.

Ƙwayar ludo da yara ke jefawa fuska 6 gare ta. Yiwuwar samun shida 1/6. Yiwuwar samun 2 ko 4 ko 6 ita ce 3/6, wato 1/2. Ƙasa 6, ba sai na sake faɗa ba.

Darasi na 4: Jifa biyu

In ana son hoto ya fito sau biyu a jere, a ninka: 1/2 sau 1/2, amsa 1/4. Sama sau sama, ƙasa sau ƙasa.

Aikin gida: kwano yana da ƙwai 12, guda 3 dafaffu ne. Nemo yiwuwar ɗauko dafaffe. Bayan an cinye wannan ɗaya, nemo yiwuwar ɗauko wani dafaffen. A kawo ranar Asabar, kowa da rubutun hannunsa.