Darasi na Tara: Karanta Katin Sakamakon Yaro da Ƙirga 'Yan Makaranta

Wannan darasi na iyaye ne da masu riƙon yaran da ke firamaren gwamnati. Malami ya fara karantawa a bayyane sau ɗaya, sannan kowane ɗalibi ya karanta sakin layi guda. Wanda yake da katin sakamakon ɗansa ko jikansa a gida ya zo da shi.

Katin da yaro yake kawowa

Shekarar karatu zango uku ce, kuma a ƙarshen kowane zango ana ba yaro kati ya kai gida. Da yawanmu tambaya ɗaya muke yi: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a sa masa albarka. In ya ce na hamsin, a rufe shi da faɗa. Daga nan a cusa katin ƙarƙashin katifa, ba a sake waiwayarsa.

A duk abin da ke cikin katin, matsayin nan shi ne mafi ƙarancin amfani. Abin da yake nunawa kawai shi ne yaro ya fi wane, wane kuma ya fi shi. Akwai ajin da wanda ya zo na ɗaya ma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, akwai kuma ajin da na talatin yake karanta wasiƙa tiryan-tiryan. Don haka ku wuce matsayin, ku dubi makin kowane darasi. Yawancin katunan suna da gurbi biyu, ɗaya na gwaje-gwajen da aka yi cikin zango, ɗaya na babbar jarrabawa, idan an haɗa su sai su tashi maki 100. Ku fara da Hausa da Turanci da lissafi, domin sauran darussan a kansu suke hawa. Yaron da bai iya karatu ba, ba zai ci kimiyya ba ko da yana da kwanya.

Daga nan ku nemi wurin da aka rubuta kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da yaro ya je. Nan ne iyaye suka fi tsallakewa, alhali sau da yawa nan bayanin faɗuwar yake. A ƙasan katin akwai sharhin malamin aji da sa hannun hedimasta. Galibi da Turanci ake rubuta shi. Kada ku ji kunyar kai katin wurin malamin ya fassara muku, aikinsa ne, kuma haƙƙinku ne.

Mu gwada lissafi. A ce an buɗe makaranta kwana 60 a zango, yaro ya je kwana 42. Kwana nawa ya yi fashi? A debe 42 daga 60, saura 18. Tunda makon makaranta kwana biyar ne, ya rasa karatun sati uku da kwana uku ke nan. Yanzu ku tuna: ina yake a waɗannan kwanaki? Gona, ko kiwo, ko talla, ko ranar kasuwa, ko zazzaɓi? Wani fashin mu muka jawo shi da kanmu, da aike da "yau dai ka zauna ka taya ni".

Su wane ne a cikin ajin?

Kowane aji yana da rajista, littafin da malami yake kiran suna da safe. A cikinta ake sanin yawan yara, maza nawa, mata nawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Ku tambayi adadin 'yan ajin ɗanku, ku auna da wannan. A makarantu da yawa na biranenmu da ƙauyuka za ku tarar an ninka shi biyu ko uku, yara zaune a ƙasa gwiwa da gwiwa, na baya ba ya ganin allo. Malamin da ke gaban yara ɗari, in ya ba littafin kowa minti ɗaya, ya cinye awa ɗaya da minti arba'in bai koyar da komai ba. Kafin a ce yaro daƙiƙi ne, a san a wane irin aji yake zaune.

Yaran ma ba iri ɗaya ba ne. A aji ɗaya za ka ga ɗan shekara shida kusa da ɗan shekara goma da aka makara sa shi. Wani ya riga ya yi nisa a makarantar allo, hannunsa ya saba da rubutu, wani kuwa bai taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai waɗanda Fulatanci ko Barbarci ko wani harshe ake yi a gidansu, suna fama da Hausa da Turanci lokaci guda. Akwai 'ya'yan waɗanda rashin tsaro ya taso daga garuruwansu, sun shekara ba karatu. Akwai mai zuwa da yunwa. Duk waɗannan jarrabawa ɗaya ake ba su, a jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Malamai ma suna da nasu kason. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta muhawara a kan gwajin da korar da ta biyo baya, amma ya isa ya nuna mana cewa sakamakon yaro ba nasa ne shi kaɗai ba.

Ga lissafi na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. A ce wata makaranta ta ɗauki yara 120 a aji ɗaya, maza 62, mata 58. Bayan shekara biyar, a aji shida, saura maza 40, mata 19. Maza nawa suka fita? Mata nawa? Ku yi a littafinku. Waɗannan lambobi misali ne, amma ku je ku ƙirga na makarantar unguwarku, gani ya kori ji. Idan mata suna raguwa daga aji huɗu zuwa sama, ku binciki dalili gida-gida. Wani lokaci talla ce ko raino, wani lokaci nisan hanya, wani lokaci kuma makarantar ce ba ta da bayan gida mai ƙofa ko malama mace ko ɗaya, yarinya ta fara girma ta ji ba za ta iya ba.

Abin da doka ta ba ku

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin sa yaro a makaranta har ya gama. A jiha hukumar SUBEB ce ke kula da firamare, a ƙaramar hukuma kuma ofishin sakataren ilimi. Mafi kusa da ku shi ne kwamitin SBMC na makarantar, wanda ya haɗa iyaye maza da mata, da malamai, da wakilin masu unguwa. Ƙorafin da aka kai wa kwamitin da adadi a rubuce, kamar "aji biyu yara 96 ne, malami ɗaya, benci 11", ya fi "makarantar nan ta lalace" saurin kaiwa gaba.

Aikin gida

Ku zaunar da yaro da yamma, ba da tsawa ba. Ku buɗe masa shafin farko na wannan littafi ya karanta muku layi uku, ku kuma kuna bi da yatsa. Ku ba shi lissafin debe 17 daga 43. Ɗan aji uku da ya kasa waɗannan biyun yana bukatar taimako tun yanzu, ko da na biyu ya zo a katinsa. Cikin satin nan kuma ku je makarantar, ku gaisa da malamin ajinsa, ku roƙe shi ya faɗa muku yawan yaran da ke rajista, maza da mata, da yawan waɗanda suka zo a ranar. Ku rubuta lambobin da hannunku, ku kawo su darasi na gaba mu haɗa na kowa a allo.