Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta labarin mamayar halittun wata duniya

Marubucin da ya zauna ƙaga labarin yadda wasu halittu daga sararin samaniya suka mallake 'yan Adam yakan fara tuntuɓe ne tun a kan dalilin zuwansu. Sau da yawa sai a ce ruwa suka biyo, alhali ƙanƙara tana jibge a taurari masu wutsiya da kuma Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter, inda babu mai hana su ɗiba. Tauraron da ya fi kusa da rana, wato Proxima Centauri, haskensa sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso mu, kumbon Voyager 1 kuwa da aka harba a 1977 zai buƙaci sama da shekara 70,000 kafin ya ci wannan zango. Wanda ya iya ratsa irin wannan nisa ba zai zo neman abin da ya tsallake a hanya ba. Gyaran shi ne a ba baƙin buƙatar da sai a wurin masu rai ake samunta, ko wata aƙida da ta tilasta musu zuwa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar mamaya a matsayin yaƙi kawai. Ana ɓata babi goma wajen rushe birane, sannan a tsallake ainihin mulkin, wanda a cikinsa ne labarin yake. Tarihi ya nuna cewa baƙo ba ya mulki shi kaɗai. Lokacin da Sifaniyawa suka ci Tenochtitlan, babban birnin daular Aztec a ƙasar Mexico ta yau, a 1521, mayaƙan Tlaxcala da sauran ƙawayensu 'yan ƙasa sun ninka su yawa nesa ba kusa ba, haka kuma bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, Faransawa ne suka riƙe gwamnatin Vichy suna aiki da ita. Saboda haka sai marubuci ya tambayi kansa: wa ke yi wa baƙin tafinta, wa ke raba abinci, wa ke rubuta sunayen waɗanda za a kama? Kada a mayar da waɗannan mutane mugaye tsantsa, domin yawancinsu iyaye ne masu neman abin da za su kai gida. Yaron da aka haifa bayan mamayar ma, wanda bai san wata rayuwa ba, ya cancanci a ji muryarsa.

Akwai kuma masu siffanta baƙin da fushi da kwaɗayi irin namu, launin fata kawai aka sauya. Ya fi kyau a bar wasu dokokinsu su kasance waɗanda talakawan da ake mulka suke bi ba tare da sun taɓa gane hikimarsu ba. Ba dole ba ne ma su zama azzalumai: a littafin Childhood's End na Arthur C. Clarke, wanda ya fito a 1953, baƙin sun kawar da yaƙi da talauci, kuma wannan ne ya sa tambayar 'yanci ta ƙara nauyi.

Sai ƙarshen labari. A littafin The War of the Worlds na 1898, H. G. Wells ya sa ƙwayoyin cuta suka hallaka maharan da suka zo daga duniyar Mars, amma ya riga ya shaida wa mai karatu cewa babu irin waɗannan ƙwayoyi a duniyarsu. Masu kwaikwayonsa sukan ɗauki wannan mafitar su manta da shimfiɗar, sai wani rauni ya ɓullo kwatsam a shafin ƙarshe. Duk raunin da zai kayar da masu mulkin, a dasa shi tun a babin farko, a kuma nuna abin da gano shi ya jawo wa mutanen da suka yi kasadar bincikensa.