Yadda Za A Raya Ƙasar Tsakar Gida A Birnin Kano

A yawancin sababbin unguwannin Kano, mutum yana gama gini sai ya malale tsakar gidansa da siminti ko ya shimfiɗa intalok tun daga bakin ƙofa har jikin katanga, inda kuwa aka bar ƙasa, sai a riƙa share ta safe da yamma har ta koma fako. Ko ta wace hanya aka bi, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi rariya ya fita ya cika kwata, gidan kuma ya riƙe zafin bazara har tsakar dare. Kusan duk ruwan da birnin yake samu yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, saboda haka wanda yake son ganin tsirrai da tsuntsaye a gidansa dole ya fara da sa ƙasa ta sha wannan ruwa ta kuma riƙe shi.

Ba sai an fasa simintin gida duka ba. A zaɓi lungu ɗaya, ko da bai wuce faɗin tabarma biyu ba, wanda yake samun hantsi kuma yake nesa da shadda da rijiya, sannan a bar aƙalla taku biyu tsakaninsa da bango don kada danshi ya ci tushen gini. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko. A cire ɓaraguzan gini, leda da tsofaffin batura, domin akwai filaye da yawa a birni da asalinsu kududdufi ne ko bola da aka cike da shara. Idan ana zargin ruwan masana'antar jima ya taɓa bi ta wurin, kada a shuka abin ci a cikin ƙasar, a tsaya ga itatuwan inuwa da furanni.

Idan ƙasar ta taurare, a yi amfani da dabarar da manoman Burkina Faso da Nijar suka farfaɗo da fako da ita, wadda ake kira tassa a Nijar, kuma wani manomi, marigayi Yacouba Sawadogo, ya shahara da ita a Burkina Faso. Ana haƙa ƙananan ramuka masu faɗin kusan santimita 30 da zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare domin ta tare ruwa, sannan a zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami. Kashin akuya da na tumaki da ya ruɓe shi ne ya fi, kashin kaji kuwa sai ya daɗe a ajiye, in ba haka ba ya ƙone saiwa. Tun zamanin da, manoman karkarar Kano suna ɗibar takin birni a mangalar jakuna suna kai wa gonakinsu, don haka gidan da yake kiwo yana zubar da abin da lungunsa yake buƙata ne kullum. In da hali, a karkato ruwan indararo ya riƙa zuba a wurin, a sa 'yan duwatsu inda yake sauka don kada ya zaizaye ƙasa.

Abu mafi wuya ga mutanen gida shi ne ajiye tsintsiya. Ganyen da ya zuba, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa da yankakken karan dawa, duka a baza su a kan ƙasar har su rufe ta, a daina tara su ana cinna musu wuta. Wannan rufi yana hana rana busar da ƙasa, yana hana iskar hunturu kwashe ta, kuma shi ne abincin tana da gara. Mutane suna tsoron gara, kuma suna da gaskiya idan ana maganar azara da katako, amma a ƙasar da ta yi fako ita ce take huda ramukan da ruwa yake bi ya shiga. Abin da ya kamata shi ne kada rufin ya taɓa bango ko ƙofa. Toka kuwa a barbaɗa kaɗan kawai, yawanta yana ɓata ƙasa.

Kafin a sayi dashe a bakin titi, a jira damina ta nuna abin da ƙasar take ɗauke da shi. A yankin Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma sun dawo da itatuwa masu ɗimbin yawa gonakinsu ta hanyar kula da tohon tsofaffin kututture maimakon sare shi, aikin da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya taimaka wajen yaɗawa. A gida ma haka ne: tafasa, lalo da gasaya sukan fito da kansu, wani lokaci har magarya daga ƙwallon da yara suka yar. A bar su, a cire ƙarangiya da duk abin da zai cutar da ƙafar yaro. Ga ƙaramin gida, lalle, zogale, rama da yakuwa sun wadatar. Magarya ko kurna tana kawo ƙudan zuma idan ta yi fure, ƙayarta kuma tana kare sheƙar ƙananan tsuntsaye daga kyanwa. Kuka, ɗorawa, tsamiya da gawo sai babban fili. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya take, ta riga ta cika birni, in akwai ta a bar ta, amma a ganina bai kamata a ƙara wata ba.

Kurciya da baiwar Allah za su zo idan aka ajiye ruwa a kasko marar zurfi, musamman daga Maris zuwa Mayu, amma a zubar a wanke kaskon kowane kwana biyu, domin 'ya'yan sauro suna iya girma cikin kusan mako guda a ruwan da ya kwanta. A daina fesa maganin ƙwari a lungun, a bar ƙadangaru da kwaɗi su yi aikinsu. Saboda maciji da kunama, a riƙa rage tsawon ciyawa a gefen hanya, kada a tara bulo ko itace kusa da ɗakin kwana, a rufe hatsi don kada ɓera ya jawo maciji, kuma a sa takalmi da safar hannu duk lokacin da za a juya ganyen.