Wace manhaja ta dace da zana jerin shimfiɗun ƙasa a Legas?

Kafin ka sauke kowace manhaja, ka duba daga ina bayananka suka fito. Ɗalibin Jami'ar Legas (UNILAG) da ya auna bangon ramin haƙar dutsen siminti a Ewekoro yana ƙirga ne daga ƙasa zuwa sama, yana rubuta kaurin kowace shimfiɗa. Mai haƙar rijiyar burtsatse a Agege kuwa daga sama yake farawa, abin da ke littafinsa shi ne zurfi, daga mita kaza zuwa mita kaza. Mai gwajin ƙasar gini a Lekki yana da zurfin, ga kuma lambobin SPT, wato gwajin ƙarfin ƙasa ta hanyar buga ƙarfe a cikinta, da ake ɗauka kusan duk bayan mita 1.5. Dukansu log suke kiran zanen, amma manhajar da ta yi wa wannan daidai tana iya wahalar da wancan.

Ga aikin fili da rubutun kammala karatu, SedLog ta isa. Kyauta ce, a Royal Holloway ta Jami'ar Landan aka ƙirƙiro ta, kuma sai da manhajar Java take aiki, don haka ka fara sa shi a kwamfutar. Za ka shigar da kaurin shimfiɗa, irin dutsen, girman ƙwayar yashi da yanayin mahaɗar shimfiɗu biyu, ita kuma ta faɗaɗa ko ta tsuke zanen gwargwadon girman ƙwayar. Tana karɓar fayil ɗin jadawali na CSV, tana fitar da zanen a PDF da SVG. Amma ba a yi ta domin rijiya ba, kada ka nemi ta zana maka kesin (bututun rijiya) da sikirin (ɓangarensa mai ramuka inda ruwa ke shiga) da tsakuwar da aka zuba a gefen bututu.

Rijiyar burtsatse ce ke buƙatar dogon tunani, saboda yanayin ƙasar Legas. Garin yana kan kwarin Dahomey. A sama akwai sabuwar laka da yashin gaɓar teku, ƙarƙashinsu yashin da ake kira Coastal Plain Sands, sai shimfiɗun da ake kira Ilaro, Oshosun, Akinbo da Ewekoro, can ƙasa kuma rukunin Abeokuta. A Ikeja da Agege marmara da jan yumɓu ake fara ratsawa kafin a kai yashi mai ruwa. A Victoria Island da Lekki kuwa yashin sama sau da yawa ruwan gishiri ne a cikinsa, ruwan daɗi yana ƙarƙashin yumɓun da ya raba su. Ɓarɓashin da injin ke fitarwa ba zai nuna maka wannan ba, yashi dai yashi ne a ido. Sai an zura na'ura an auna gamma, wato hasken da ƙasa ke fitarwa wanda ido ba ya gani, da juriyar lantarki. Inda gamma ya hau, juriya ta sauka, yumɓu ne. Inda duka biyun suka sauka, yashi ne mai ruwan gishiri, kuma duk wanda ya sa sikirin a nan ya yi asarar kuɗin mai gida. Yashi mai ruwan daɗi gammansa ƙasa, juriyarsa sama. Saboda haka dole manhajar ta iya jera layukan nan biyu kusa da zanen shimfiɗu da na bututu, a kan ma'aunin zurfi ɗaya.

LogPlot ta kamfanin RockWare na Amurka tana yin haka, kuma tana ba ka damar tsara kan takarda da tambarin kamfaninka sau ɗaya ka riƙa amfani da shi. In rijiyoyin suna da yawa kana son haɗa su a ga yadda shimfiɗu suka miƙe daga wannan zuwa wancan, RockWorks ce ta wannan aikin. WellCAD ta fi ƙarfi wajen awon na'ura, sai dai ta yi wa mai rijiya biyu a wata yawa. Da kuɗin waje ake biyan lasisinsu, kuma na Windows ne. Kafin ka biya, ka gwada da fayil ɗin LAS na gaske, wato fayil ɗin awon na'ura, wanda mai awon ya ba ka. A irin fayil ɗin nan ana rubuta -999.25 a inda na'ura ba ta karanta komai ba. Idan manhajar ta ɗauke shi a matsayin awo, layin zai zabura ya fice daga takarda. Kwafin sata da ake sayarwa a arha kuma, ban da haramcinsa, yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta.

Masu gwajin ƙasar gini sun daɗe da gINT, kamfanin Bentley mai ita yana mayar da masu amfani da ita kan OpenGround, wadda ke ajiye bayanai a intanet. Ka yi la'akari da ƙarfin sabis a wurin aikinka, ka kuma tambayi injiniyan ko yana son bayanan a tsarin AGS na musayar bayanan gwajin ƙasa.

Inkscape da CorelDRAW na ƙawata zane ne a ƙarshe. Ba su san zurfi ba: ka gyara kaurin shimfiɗa ɗaya, sai ka bi duk na ƙarƙashinta da hannu. Wanda ya iya rubuta manhaja da Python yana da kayan aikin lasio da striplog kyauta.

Ko wacce ka zaɓa, ka fara zuba bayanan a Excel, layi ɗaya shimfiɗa ɗaya: lambar rijiya, zurfin farawa, zurfin ƙarewa, lambar irin ƙasa, launi, bayani. Inda ta sama ta ƙare, nan ta ƙasa za ta fara. Giɓi ko hawan juna shi ke sa manhaja ta ƙi karɓar fayil ko ta bar farin fili. Yawancin masu injin da yawan bututu suke ƙirga zurfi, wasu kuma da ƙafa, to ka auna tsawon bututun da kanka, ka ninka ƙafa da 0.3048 kafin ka shigar. Ka kuma tuna ɓarɓashi yana ɗaukar lokaci kafin ya iso sama, shi ya sa mahaɗar da aka rubuta a bakin rijiya takan fi ta gaskiya zurfi. Awon gamma ake bi a gyara.

Iyakar girman ƙwayar da ake kira yumɓu ma ba ɗaya ba ce. A ma'aunin Wentworth na masana ƙasa 0.004 na milimita ce, a BS 5930 na injiniyoyi 0.002. Ka rubuta wanda ka bi a ƙasan zanen. Alamomin cike zane ka ɗauko daga tsarin alamomin taswira na kwamitin FGDC na Amurka na 2006, kada ka ƙirƙiri naka, kuma ka tabbata suna rarrabuwa idan an buga baƙi da fari.

Sai ma'auni. Takardar A4 tana ba ka kusan santimita 25 na zane, wato mita 25 a 1:100. Rijiya mai mita 200 za ta shiga shafi ɗaya a 1:1000, amma yumɓu mai kaurin rabin mita zai koma rabin milimita, ya ɓace, alhali watakila shi ne ya tare gishirin. Gara 1:200 a shafi huɗu. A kan kowane shafi ka sa tsayin bakin rijiyar daga matakin teku da lambobin wurin. A tsarin lambobin taswira na UTM Legas tana shiyya ta 31N, kuma ka faɗi tushen awon wurin da ka yi amfani da shi, ko na Minna ko WGS84, domin haɗa su ba tare da juyawa ba yana gusar da rijiya mita da dama daga inda take.