Yadda sabon likita zai samu gurbin sanin makamar aiki a Zamfara ko Kebbi

Duk wanda ya kammala karatun likitanci a Najeriya sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin ƙwararrun likitoci kafin a ba shi cikakken lasisi, kuma hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori ce ke da wuƙa da nama a wannan al'amari.

Matakin farko shi ne rajistar wucin gadi, wadda ake samu bayan an rantsar da ɗalibi a jami'arsa. Wanda ya yi karatu a waje, kamar Sudan ko Masar, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar tukuna. Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne wa'adin wannan rajista shekara 2 ne kacal, kuma a cikinsa ake so a gama watanni 12 na aikin. Idan wa'adin ya ƙare ba a gama ba, to jarrabawa ce ke jiran mutum.

Daga nan sai neman gurbi. Tun 2021 hukumar ta karɓi ragamar rabon gurabe a asibitocin gwamnatin tarayya, saboda haka likita zai shiga shafinta na intanet, ya duba asibitocin da ke da sarari, ya zaɓa, sannan ya buga takardar turawa ya kai kansa cikin kwanakin da aka ɗibar masa. A nan ne na fi ganin ƙannenmu suna cutar kansu, domin wani sai ya shafe watanni yana dakon Abuja ko Kano, alhali ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, inda marasa lafiya suke da yawa kuma hannun sabon likita ke saurin faɗawa, ga shi harshen da majinyata ke yi shi ne nasa. Asibitocin jiha kuwa ta hannun hukumar kula da asibitoci ta jihar ake neman su, amma kafin a miƙa takarda a tabbatar MDCN ta amince asibitin ya ba da wannan horo, in ba haka ba shekarar ta tafi a banza.

Idan an kama aiki, za a zagaya sassa huɗu, kowanne kimanin wata uku: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Kada a bar wani sashe sai babban likitansa ya sa hannu a littafin da ake rubuta ayyukan da aka yi, domin bin sawun sa hannu bayan wata shida wahala ce, musamman idan an yi wa mai sa hannun canjin wurin aiki.

Da takardar kammalawa ake neman cikakkiyar rajista, sai hidimar ƙasa. Tsakanin nan da samun gurbin horon ƙwarewa a wani fannin likitanci wasu kan karɓi aikin wucin gadi da ake kira lokum, wanda asibiti ke bayarwa kai tsaye don cike giɓin ma'aikata. Mai karɓarsa ya nemi takardar ɗauka da ta fayyace tsawon watanni, adadin albashi, kuɗin kwanan aiki, da kuma ranar da za a sabunta yarjejeniyar.