Kurakuran da masu ƙananan wuraren shaƙatawa ke yi da ruwan sha, na gaji da gani

Shekara tara ke nan ina riƙe da sashen ruwa na wani ɗan lambun shaƙatawa a bakin garin Damagaram, irin wanda ake kai yara lilo ranar salla, ana yin walimar biki da dare. Foraj ɗaya gare mu, shato mai lita 5000, famfo shida. Duk wanda ya buɗe sabon wuri sai ya kira ni in zo in duba mishi, kuma wallahi abu ɗaya nake tararwa ko'ina, an kashe miliyoyi a fitila da kujeru da ciyawa amma ruwan da yaran mutane za su sha ba wanda ya taɓa auna shi ko sau ɗaya.

Zan fara da wanda ya ƙona ni. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan, ƙasarmu dutse ce, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara ta kama famfo sai ya kwana biyu uku bai ɗigo ba. To a wata bazara foraj ɗinmu ya ja baya, shuke-shuke suka fara bushewa, sai mai ban ruwan lambu ya kawo shawara a riƙa jan ruwa daga tsohuwar rijiyar da ke kusurwa don itatuwa kawai. Na yarda. Abin da ban duba ba, plombiyen da aka kira, don ya rage tsawon tiyo, sai ya haɗa layin rijiyar da layin famfunan sha da ban guda a tsakani, wato abin murɗawa a buɗe ko a rufe ruwa, ya ce ai in an rufe shi ke nan. Ranar salla ƙarama wajen la'asar shato ya ƙare, wani yaro cikin ma'aikata ya ga mutane sun yi layi ba ruwa, ya je ya murɗa wancan ban ɗin, ruwa ya zo, kowa ya ji daɗi. Ruwan kuma garau yake, ba wari ba launi. Kwana biyu bayan haka wata mata ta zo ƙofa da yarinya 'yar shekara uku a goye, idon yarinyar ya faɗa, leɓenta ya bushe ya tsattsage, uwar ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi "Malam, gudawa take yi tun daren sallar, kuma nan kaɗai muka sha ruwa a waje." Kafin magariba gida huɗu suka zo da irin wannan maganar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mun biya kuɗin likita, an rufe mu sati uku, kuma har yau in na ga uwa da goyo ta tsaya a ƙofa gabana sai ya faɗi. Rijiyar nan taku ashirin ne tsakaninta da salgar maƙwabta.

Don haka ba na sauraron zancen ban ko klape, wato abin da ke hana ruwa komawa baya, a kan wannan. Layin sha daban, layin lambu daban, kada ƙarfe ko roba ɗaya ta haɗa su, a yanke da zarto in an riga an haɗa. Ni na shafa wa duk famfon lambu jan fenti na kuma cire musu kai, makullin yana aljihun mai ban ruwa. Haka tiyon da kuke bari kwance cikin bahon wanke-wanke ko cikin tano yana haɗe da famfo, lokacin da ruwa ya ɗauke bututun yana zuƙo abin da ke bahon ya koma ciki, in ruwa ya dawo shi za ku fara sha.

Na biyu shi ne zuba jabel da ido. Wannan kam kusan kowa. Mai wuri zai ce maka "ai muna sa magani", ka tambaye shi nawa, ya ce murfi biyu, ka ce murfin me, cikin lita nawa, yaushe rabon da a sa, sai shiru. Wani ya zuba kaɗan bai kashe komi ba, wani ya kwarara har ruwa ya ƙi shawuwa mutane su koma sayen na 'yan garuwa da ba a san inda aka ɗebo ba. Kuma jabel ɗin da ya yi wata uku a rumfar kwano cikin zafin Afrilu ƙarfinsa ya riga ya tafi, garin HTH, wato farin garin maganin ruwa, ma haka in gwangwanin a buɗe yake. Abin da ake nema a ruwan da ya fito bakin famfo shi ne ragowar kulor, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta cikin jabel da HTH, tsakanin 0,2 da 0,5 miligiram a lita, bayan maganin ya yi aƙalla minti 30 a ciki, kuma ba harshe ke faɗa maka wannan ba, ɗan akwatin awo ne da ƙwayar DPD 1, ka jefa ta ruwa ya koma ruwan hoda ka gwada da launukan jikin akwatin.

Ga yadda ni nake yi, wani yana da nasa. Giram 15 na HTH mai kashi 70 cikin lita ɗaya ta ruwa, a jarka ta roba mai duhu, ba ƙarfe ba. In jera bokiti huɗu na ruwanmu masu lita 20, in ɗauki sirinji in sa wannan haɗin, mililita 1 a na farko, 1,5 a na biyu, 2 a na uku, 2,5 a na huɗu, in jira rabin awa in auna, bokitin da ya ba ni 0,5 shi ne ma'aunina. A wurinmu yawanci na 2 ne, shato kuma bokiti 250 ne, ke nan rabin lita na haɗin zan zuba. Da damina nakan sake gwajin saboda ruwan yana canjawa. In ruwa ya yi gurɓi kada ka ɓata maganinka, bari ya kwanta ko ka tace tukun, laka tana cinye kulor tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta. Sannan ka auna a famfo na ƙarshe, wanda ya fi nisa da shato, can wajen lilo inda yara ke kafa baki, ba a gindin shato ba inda kullum sakamakon zai yi maka kyau.

Yanzu takardu, inda nake yawan faɗa da mutane. Kai da ka buɗe wuri kana karɓar kuɗin shiga, ruwan nan ba na gidanka ba ne kuma, na jama'a ne. Nijar tana da dokar ruwa ta 2010, kuma tun 1993 akwai dokar tsabtar jama'a, ba a haƙa foraj a ba mutane ruwa a ɓoye, ka je ofishin hidrolik na jiha ka sanar da su, ka nemi su gaya maka abin da ya hau kanka, tun kafin ma'aikatan tsabta su zo da kansu. Masu takardar ma, ka ga an ciro wata guda da ta yi ja don tsufa, awon ranar da aka haƙa foraj, shekara bakwai da suka wuce. Me za ta gaya mana game da ruwan yau? Ni sau biyu nake kai awon ƙwayoyin cuta a shekara, kafin ƙaramar salla da kuma tsakiyar damina, dole E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ya fito sifili cikin mililita 100. Na sinadarai sau ɗaya, ina duba nitrat kada ya haura 50 da kuma fuluwor kada ya haura 1,5 miligiram a lita kamar yadda OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ajiye. Wanda ke ganin fuluwor wasa ne ya tambayi mutanen Tibiri ta Maradi, inda ruwan wani foraj na shekarun 1980 ya ɓata haƙora ya tanƙwara ƙafafun yara ɗaruruwa, ruwan kuma fes yake a ido, tafasawa ba ta cire shi, jabel ba ya cire shi.

Kuma don Allah ku daina ɗiban samfur a gorar lemo ku ba direban bas ya kai Yamai. Kusan kilomita 900, cikin zafi, abin da ya isa can ba ruwanka ba ne. Kwalbar laburatuwar ake karɓowa, a ƙona bakin famfo da wuta in na ƙarfe ne, a bar ruwa ya zuba minti biyu, a cika ba tare da yatsa ya taɓa murfi ba, a sa cikin kula da ƙanƙara, ya isa hannun mai awo cikin awa shida. Nemi inda za a yi maka shi nan cikin gari.

Kaye guda na ajiye rataye da igiya a ɗakin pampo, kwanan wata, awa, abin da aka zuba, abin da awo ya nuna, sa hannun wanda ya yi. Ranar da aka manta a rubuta an manta, kada a zauna a cike sati guda da biro ɗaya ranar da aka ji baƙi za su zo, mai duba ya san wannan rubutun da gani.

Sauran ƙanana ne amma su ma suna kai mutum likita. Shato ba murfi, na taɓa ciro mushen ƙadangare da fikafikan tattabara daga na wani. Wanke shato aƙalla sau biyu a shekara, musamman bayan hunturu da ƙurarsa. Salga ta yi nisan mita 30 da foraj ko rijiya, kuma ta kasance ta gangare. Moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa cikin randa, a sa wa randar famfo. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko gazuwal ba ta komawa ta ruwa ko an wanke ta sau goma. Ƙanƙarar da mai lemo ke kawowa daga waje, tambaye shi da wane ruwa aka yi ta.

In sitan, wato motar tankin ruwa, ce ke kawo muku ruwa da bazara, auna kulor ɗin tun motar na tsaye kafin a jona tiyo, in bai nuna komi ba ka sa naka maganin ka rufe famfuna rabin awa ko da mutane na ƙorafi a layi.