Yadda ake wanke kwanson harsashi na tagulla kafin a sake cika shi

A Amurka in ka je filin koyon harbi zaka ga wasu suna bin ƙasa da bokiti suna tsince kwanson harsashin da aka harba, ba 'yan gwangwan bane, gida zasu kai su wanke su sake cikawa, dan kwanson nan shine yafi tsada a jikin harsashi kuma guda ɗaya yana iya zagayowa sau da dama. A can doka ta yarda mutum ya yi wa kansa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, to kar wani ya ce ni na aike shi. Maganar wanki kawai zamu yi.

Kafin komai zazzage su a faranti ka tantance. Maganaɗisu zai janye maka na ƙarfe, irin na Rasha ɗinnan, na alminiyom kuma da ido zaka gane su, fari-fari ne ba nauyi, duka a ware. Wanda bakinsa ya tsage ko gindinsa ya kumbura shima ya bi su, kuma ka duba da kyau kar wani harsashi mai rai ya ɓuya a ciki. Sai ka raba su girma-girma, saboda kwanso mai girman 9mm yana shigewa cikin mai girman .40, shi kuma .40 ya shige .45 su maƙale, ka gama wanki ka tarar cikin bai ga komai ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta bushe. Wata tukunya ce mai girgiza da lantarki, a zuba mata dakakken ɓawon walnat (wani ɗan itace mai taurin ɓawo) ko totuwar masara, a juye kwanson ciki a barshi awa 2 zuwa 4. Walnat yafi cin datti, totuwa tafi sa sheƙi. Amma cikin kwanso baya fita sosai, ga ƙura, kuma ƙurar nan ce matsala ta da ita, domin hular da ke gindin harsashi wadda allurar bindiga ke bugawa tana ɗauke da sinadarin dalma, duk toka da ta bari tana komawa cikin ƙurar. Kar a kunna tukunyar a ɗaki, balle inda yara ke rarrafe. Safar hannu, takunkumi, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Ni dai ta ruwa na fi so. Ka fara cire tsohuwar hular dan ramin ta ya wanku. Sai ka samu ganga mai juyawa ka zuba kwanso da ƙananan sandunan ƙarfe marasa tsatsa masu kama da guntun allura, ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun wanke kwanuka, da garin sitirik asid kamar kwatan ƙaramin cokali a lita 4, ka barta tayi ta juyawa wajen awa 2. Ruwan zai fito baƙi ƙirin, kwanso kuma ciki da waje kamar daga kamfani. Wannan tsamin ba baƙo bane, shine dai na lemon tsami da iyayenmu ke goge kayan tagulla da shi. Sai dai a nan in ya yi yawa ɓarna yake, don tagullar harsashi kashi 70 jan ƙarfe ce kashi 30 tutiya, tsami kuma tutiyar yake fara ci, shi yasa in ka ga kwanso ya koma ja-ja kamar ruwan hoda to ka zarce. A ɗauraye sau biyu ko uku da ruwa mai kyau. Ruwan wankin kar a watsa a shuka ko inda kaji ke sha, dalma na ciki.

Abu ɗaya da ba'a wasa da shi: amoniya, sinadarin nan mai zarni kamar fitsari. Duk man goge ƙarfen da ke da ita, irin su Brasso, a nisanta shi da kwanso komai kyan sheƙin da yake bayarwa. Sojojin Ingila a Indiya sun ga wannan, lokacin damina suna ajiye harsashi a bargar dawakai sai su tarar kwanso ya tsattsage ba'a harba ba, sai a 1921 aka bayyana cewa amoniyar fitsarin doki ce ke haɗuwa da taurin da tagullar ta ɗauka wajen ƙira ta fasa ta. Kaga kuwa abinda ya tsage a ajiye, ina ga an harba shi kusa da fuskar mutum.

Bayan ɗauraya ka bi da maganaɗisu ka kwashe sandunan, sannan ka ɗaga kwanson ɗaya bayan ɗaya ka leƙa ta haske, suna yawan maƙalewa bibbiyu a ɗan ƙaramin ramin gindi. Aikin gajiya ne amma dole.

Saura shanya. Baza su a kan tawul a rana har su bushe ƙayau, ɗigon ruwa ɗaya da ya rage a ciki ya isa ya lalata albarushi. Masu gaggawa suna sawa a na'urar busar da 'ya'yan itace ko oben da ba'a girki da shi, zafi kar ya wuce digiri 90. Kan wuta kam a'a, zafi mai yawa yana tausasa gindin kwanso, kuma wanda gindinsa ya yi laushi sai dai a haɗa shi da na gwangwan.